Zomona Ya Ƙi Hawa Bene: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Keji Mai Hawa Biyu

Mutum ya kai wa kafinta kuɗinsa, a ƙera masa keji mai bene, a kawo a ajiye a tsakar gida yara suna murna. A saka zomo ciki, sai ya nemi kusurwa ɗaya a ƙasa ya lafe, benen kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Amsoshin da ke tafe na masu ajiye zomo don sha'awa ne, amma mai kiwon sayarwa ma ba zai rasa abin tsinta ba.

Na sayi keji mai bene, zomon ya ƙi hawa. Taurin kai ne?

Ba taurin kai ba ne, halitta ce. Zomon gida jikan zomon Turai ne, wanda asalinsa yankin Sifaniya da Fotugal, dabbar da ke haƙa ramuka ta yi gari a ƙarƙashin ƙasa. Shi da zomon dajin da mafarauta ke kora da karnuka ba jinsi ɗaya ba ne, domin na dajin ba ya haƙa rami, cikin ciyawa yake kwanciya. Na gida in ya tsorata ƙasa yake nema, ba sama ba.

Hakan ba ya nufin ba ya son tudu. In ya saki jiki yana son hawa abu mai ɗan tsayi ya zauna yana leƙen duniya. Sai dai abu biyu ne a jikinsa ke sa shi taka-tsantsan. Na farko idanunsa: a gefen kai suke, yana ganin kusan ko'ina har bayansa, amma abin da ke daf da hancinsa ba ya ganinsa, kuma auna zurfi na ba shi wahala. Na biyu ƙafafunsa: ɗaga ƙafar mage ko kare za ka ga tsoka mai riƙe ƙasa a tafin, shi kuwa zomo gashi ne kawai. A kan katako mai sulɓi ba abin da zai riƙe shi sai farce. To, wanda ba ya ganin inda zai taka da kyau, ƙafarsa kuma na zamewa, ai ba a ce masa mai gardama.

To daga ina zan fara?

Daga tsanin, kafin ka fara tunanin horar da zomon. A mafi yawan kejin da zomo ya ƙi hawa, laifin na katakon da aka jingina ne.

Duba miƙewarsa tukuna. Kafinta yakan yanko guntun falankin da ya rage masa ya jingina, ya tsaya ƙiƙam. Lissafin mai sauƙi ne: tsawon tsanin ya ninka tsayin benen sau biyu. In daga ƙasa zuwa bene inci 16 ne, tsani ya kai inci 32, wannan zai ba ka kwanciyar digiri 30, wadda zomo ke hawa ba tare da fargaba ba. In ya wuce digiri 45 ka bar batun.

A nan ne matsala take fitowa. Kowane hawa ya kamata ya yi tsayin da zomo zai miƙe a kan ƙafafun baya kunnuwansa ba su taɓa rufi ba, wato wajen ƙafa 2 ga matsakaicin zomo. Bene mai tsayin ƙafa 2 kuwa yana bukatar tsani mai ƙafa 4, alhali keji da yawa gaba ɗaya tsawonsu ke nan. Shi ya sa ake tsuke tsanin a miƙar da shi. Mafita ita ce a raba hawan biyu: a kafa ɗan dandamali a tsakiya, ko a ɗora gindin tsanin a kan bulo kwance ko akwatin katako mai ƙarfi. Zomo ya yi tsalle ɗaya ya hau bulon, sauran tafiyar ta zama mai sauƙi.

Sai faɗi. Inci 8 zuwa 10 ya yi wa matsakaici, babba kuma a ƙara masa. A buga siraran katakai a gicciye, tsakaninsu inci 2 zuwa 3, don ƙafa ta sami madogara. A yi masa ɗan dogari a gefen da ba bango, ko da na inci 2 ne.

Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi: sa hannunka ka danna tsanin ka girgiza. In ya motsa ko ya yi ƙara, a ɗaure shi sama da ƙasa. Zomon da tsani ya taɓa rawa a ƙarƙashinsa yakan daɗe bai sake yarda da shi ba. Shafa ko'ina da tafin hannu ka ji ko akwai bakin ƙusa ko tsinin waya, musamman a bakin ƙofar da zai ɓullo ta sama. Ita ma ƙofar ta yi faɗin da zai wuce bai goga baya ko kunne ba.

Me zan shimfiɗa a kan tsanin don santsi?

Buhun algarara ya fi komai sauƙin samu, kuma yana riƙe ƙafa. Guntun tabarmar kaba ma ta yi, in ya ci ba wata illa, sai dai za ka riƙa sauyawa. A ja shimfiɗar ta ɗame, a naɗe bakinta ta ƙarƙashin katakon a buga a can, inda haƙori ba ya kaiwa.

Kafet yana aiki, amma sai ka sa ido. Zomo ba ya iya amai, duk abin da ya haɗiye sai ya bi hanji, zaren roba kuwa yana iya toshe shi. In ka ga yana tsigar kafet yana tauna, cire shi ranar. Ka guji mai zare irin na madauki, farce na maƙalewa a ciki. Ledar tsakar ɗaki da buhun siminti ko na taki kuwa ba su da wuri a nan, santsi za su ƙara.

Ba dole sai tsani ba ke nan?

Ba dole ba. Zomaye da yawa sun fi son tsalle daga mataki zuwa mataki a kan bin gangara. Akwatuna biyu masu faɗi, ɗaya ya ɗara ɗaya tsayi, kowane tsalle bai wuce inci 8 zuwa 10 ba, sun wadatar. Sharaɗin dai saman kowanne ya ɗauki zomon gaba ɗayansa har ya iya juyawa. Wata riba kuma, cikin akwatin ya zama maɓoya in an huda masa ƙofa biyu.

Na gyara tsanin. Yaya zan ja ra'ayinsa ya hau?

Ka bar shi ya mallaki ƙasan tukuna. Zomon da aka kawo jiya, ko aka sauya wa keji, ba bene ne a gabansa ba. Sai ka ga yana ci sosai, yana miƙe ƙafafu ya kwanta, yana wanke fuska da hannuwa biyu, sannan lokaci ya yi.

Benen a wurinsa baƙon wuri ne mai warin sabon katako, shi kuwa da hanci yake sanin gida. Ɗebi ciyawar da ya kwana a kai da 'yan ƙwayoyin kashinsa busassu ka zuba a sama. Ɗauki tsumma mai tsabta ka shafa ƙarƙashin haɓarsa, inda yake da abin da ke fitar da ƙamshin da yake sa wa kayansa alama, ka goga a tsanin da bakin ƙofar. Kai ba za ka ji komai ba, shi zai ji.

Sannan ka ba shi dalilin hawa. Benen da babu komai a kai sai fili, me zai je yi? Ajiye kwali mai ƙofa biyu da zai shige ya ɓuya, ka tara ciyawa mai kyau.

Sai abin kwaɗayi. Ganye mai ƙamshi ya fi jan hankalinsa: na'a-na'a, ɗoɗɗoya, ganyen karas, zogale ɗanye. In ayaba ce ko karas, guntu kamar farcen babban yatsa ya isa, domin zaƙinsu ya yi yawa ga cikin zomo. Ranar farko ajiye a gindin tsanin. In ya ci, gobe a mataki na biyu, a haka a haka har sama. Ka yi wannan da sassafe ko dab da magariba, lokacin da zomo ke da kuzari. Da rana tsaka barci ne a kansa.

Ka zauna nesa kaɗan ka yi shiru, za ka ga yadda yake yi. Zai ɗora hannuwan gaba a tsanin, ƙafafun baya suna kafe a ƙasa, ya miƙa wuya har jikinsa ya yi tsawo, kunnuwa sun karkato gaba, hanci na rawa. Ya fizgi ganyen ya koma da baya da gudu ya cinye a kusurwarsa. Kada ka ɗauka ya gaza, haka ake farawa. Ranar da ka ga ya tsaya a tsakiyar tsanin yana goga haɓa a katakon, ya sa hannu a takardar gida ke nan.

Abu ɗaya da ba a yi: kada ka kwashe abinci da ruwa ka kai sama wai yunwa ta tilasta masa. Cikin zomo ba ya son hutu, in ya daɗe babu abinci hanjin yakan tsaya, kuma hakan na kashe shi. Akwai zomon da zai zauna da yunwarsa a ƙasa ya ƙi hawa.

In na ɗauke shi na ɗora a sama ba zai fi saurin ganewa ba?

Ra'ayin masu kiwo ya rabu a nan, ni dai ban goyi baya ba. Zomon da ya hau da ƙafarsa ya san hanyar dawowa. Wanda aka ɗora bai sani ba, ko dai ya maƙale a sama cikin tsoro, ko ya diro ta ƙofar a guje. Ƙashin zomo bai wuce kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin jikinsa ba, na mage kuwa ya kai 12 zuwa 13, ga shi ƙafafun bayansa na da ƙarfin gaske. Harbi ɗaya a iska ko faɗuwa a karkace na iya karya masa ƙashin baya, ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa.

Tunda maganar ɗauka ta zo: a daina ɗaga zomo ta kunne. Ya zama ruwan dare a kasuwa har yara sun ɗauka haka ake yi. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi ƙugu, a manna shi a jiki.

Ya hau da kansa, amma saukowa ta gagara.

Saukowa ta fi wuya, domin kai ne a gaba, nauyin jiki na turo shi, ƙasan kuma ba ya ganinta sosai. Yawanci alama ce tsanin ya miƙe da yawa ko yana santsi. In gindin tsanin a lungu mai duhu yake, ko ya ƙare daf da bango babu wurin dira, gyara wannan. Tara ciyawa a inda zai sauka. Kafin ya koya, ajiye masa ruwa da ciyawa a saman, sannan ka jera ganyen daga sama zuwa ƙasa. Kada ka tura shi ta baya.

Kwana nawa zai ɗauka?

Matashin zomo mai ƙiriniya na iya hawa a daren farko. Babba mai tsoro kan yi makonni. Akwai kuma wanda yake hawa tuntuni cikin dare, da gari ya waye ka same shi a ƙasa. Leƙa saman da safe, in ka ga kashi ko ganyen ya ɓace, aiki ya riga ya gama.

Yana hawa da damina da hunturu, amma da bazara ya daina. Me ya faru?

Hankali ya yi. Sa hannunka a benen da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu za ka ba shi gaskiya. Zafi sama yake tashi, kuma in rufin kejin na kwano ne, benen ne ke shan turirinsa kai tsaye. Zomo ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 21, da zarar an haura 30 ya shiga wahala. A Sakkwato, Maiduguri, Yamai ko Kano kuwa bazara kan wuce 40. Ba ya gumi kamar mu, ta jijiyoyin kunne yake rage zafin jiki, ga rigar gashi da ba ya iya tuɓewa.

Yawancin zanen kejin da ake gani a intanet na ƙasashen sanyi ne, inda ake toshe benen da katako ta kowane gefe don ya zama ɗakin barci mai ɗumi. In kafinta ya kwaikwayo shi yadda yake ya ɗora kwano a kai, abin da ya gina na iya kashe zomo a wuni ɗaya. A nan benen na bukatar raga a gefe biyu aƙalla don iska ta ratsa, da silin na katako a ƙarƙashin kwanon, da zana ko ciyawa a samansa. Kejin kansa ya zauna a inuwar da ba ta gushewa, domin inuwar safe daban ta la'asar daban.

Da bazara ka ƙyale batun hawa, ka taimake shi ya sha sanyi a ƙasa. Fallen tayil da zai kwanta a kai, tukunyar ƙasa a kwance wadda aka yayyafa wa ruwa ta baya, gorar ruwa mai ƙanƙara naɗe da tsumma, jiƙaƙƙen buhu a rataye ta inda iska ke shigowa. In ka ga yana numfashi sama-sama, hanci da baki sun jiƙe, ya yi yaraf, kai shi wuri mai sanyi ka shafa masa ruwa a kunnuwa ka nemi likita. Kada ka tsoma shi cikin ruwan sanyi. Zomo ta hanci yake numfashi, in ya kai ga buɗe baki to abin ya yi nisa.

Da hunturu kuma saman ne ke shan iska. Kare gefen arewa maso gabas da zana ko asabari.

Ba zafi ake ba, kuma da yana hawa, yanzu ya daina.

Wannan ta fi kowace tambaya a nan bukatar a ɗauke ta da gaske. Zomo dabba ce da ake farauta, don haka yana ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsa, kuma barin hawa na cikin alamun farko.

Fara da mai sauƙi. Tsanin ya kwance? Shimfiɗar ta cinye? Mage ko gafiya na zuwa ta saman da dare? An wanke benen da wani abu mai wari? In ba ko ɗaya, duba zomon. Faratan da suka yi tsawo suna karkatar da yatsu su hana shi riƙe katako, a duba su duk wata a rage. Duba dunduniyar ƙafafun baya: in gashin ya ƙoƙe, fatar ta yi ja ko ta yi gyambo, ciwon da daɓen waya ke jawowa ne, kuma yana da zafi. Dole a sami katako ko tabarma inda zai huta daga waya. Ƙiba ma na hana hawa, musamman ga wanda ake cika wa dusa. Zomo kan kai shekara 8 zuwa 12 in ya sami kulawa, tsufa kuma na zuwa da ciwon gaɓoɓi. Alamarsa ita ce ka ga kashi mai laushi ya manne masa a gindi, irin wanda mai lafiya ke lanƙwasawa ya cinye, shi ya kasa kaiwa.

In kai ya karkace gefe guda, ko yana tangaɗi, ko yana jan ƙafafun baya, toshe hanyar benen nan take ka tafi wurin likitan dabbobi, domin ciwon cikin kunne da wata ƙwayar cuta mai taɓa ƙwaƙwalwa duk suna kawo haka. Haka in ya yi awa 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba, kada a jira gobe. Waɗanda ke kusa da Zariya, Sakkwato ko Maiduguri suna da asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in garuruwan. Kada ka ba shi maganin mutane da ka, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin in an ba zomo ta baki suna lalata masa hanji har ya mutu.

Ina ya kamata abinci da ruwa da wurin bayan gida su zauna?

Ruwa da ciyawa a kowane hawa. Ciyawa ita ce kusan kashi 85 cikin ɗari na abincinsa, da ita haƙoransa masu tsiro kullum ke gogewa. Harawar wake ko ta gyaɗa tana da kyau, amma a haɗa da busasshiyar ciyawa, kada ta zama ita kaɗai. Ruwa a kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba, nesa da bakin ƙofar tsani.

Bayan gida kuwa shi ke zaɓar kusurwarsa, kai dai ka bi shi da tire. In ya zaɓi sama, a tabbata daɓen ba ya yoyo, kada fitsari ya riƙa ɗiga kan abinci ko kan ɗan'uwansa. Ruwan khal da aka sirka da ruwa yana cire farin dattin fitsari. In ka wanke, mayar da ɗan tsohuwar ciyawa don kada wurin ya koma masa baƙo.

Zomaye biyu ne, ɗaya ya mamaye saman ya hana ɗayan hawa.

Tsani ɗaya ƙofa ɗaya, wanda ya fi ƙarfi ya kwanta a bakinta, shi ke nan ya zama mai unguwa. Mafi muni shi ne a ritsa rarraunan a sama babu hanyar gudu. A buɗe hanya ta biyu a ɗaya gefen, a kuma yi komai bibbiyu: kasko biyu, maɓoya biyu. In maza ne biyu, daga wata 3 zuwa 4 da haihuwa faɗa kan fara, kuma bene ba zai raba su ba, sai fiɗiya a wurin likita ko a raba musu keji.

Zomanyata na da ciki. In bar mata benen?

A'a, rufe shi kafin ta haihu. Cikin zomo kwana 31 ne ko kusa da haka, don haka tun a mako na huɗu a ajiye mata akwatin haihuwa a ƙasa. 'Ya'yan ana haifarsu tsirara, ido rufe, sai wajen kwana 10 suke buɗewa. Zomanya ba ta ɗaukar ɗanta a baki ta mayar gida kamar yadda mage ke yi. In ta haihu a sama, ɗa ya biyo nono ya faɗo ta ƙofar tsani, a nan zai kwana cikin sanyi. In sun fara fitowa suna yawo, a ba uwar ɗan dandamali mai gajeren tsayi da za ta hau ta huta daga damunsu. Benen ya jira sai sun yi ƙwari.

Tsakar gidana ƙarama ce. Bene ba zai maye gurbin fili ba?

Ba zai maye ba, kuma wannan ce gaskiyar da mai sayar da keji ba zai faɗa maka ba. Zomo a miƙe yake gudu, ba ya gudu sama. Ƙungiyar kula da walwalar zomaye ta Birtaniya, RWAF, ta ba da shawarar fili mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, tsayin mita 1 ga zomaye biyu, kuma a shimfiɗe take nufi, ba a tara na sama da na ƙasa a ce an cika ba. Ba kowane gida ne zai iya wannan ba, amma aƙalla ya iya tsalle uku a jere a hawa ɗaya, ya kuma miƙe sosai in ya kwanta. Ka tuna tsanin da ƙofarsa ma suna cin wuri a sama da ƙasa, ƙaramin keji in an yi masa bene sau da yawa matsewa yake ƙara yi. In wuri ya yi kaɗan, a kewaye masa wani sashe na tsakar gida da raga ya fito safe da yamma, a rufe saman saboda shaho da mage.

Akwai zomon da bai kamata a matsa masa ya hau ba sam?

Akwai. Tsoho mai ciwon gaɓoɓi, makaho ko mai yanar ido, wanda kansa ya taɓa karkacewa, wanda aka yi wa aiki bai warke ba. Manyan jinsi irin Flemish Giant, da kan wuce kilo 6, yawancin kejin kasuwa ba a yi tsaninsu don nauyinsu ba. Ko New Zealand fari mai kilo 4 zuwa 5 sai an faɗaɗa masa, saɓanin ɗan Dutch mai wajen kilo 2 da ke haurawa kamar wasa. Ga irin waɗannan, cire tsanin, toshe ƙofar da katako, ka ba shi dandamali mai tsayin inci 4 zuwa 6 a ƙasa. Benen kuma ka mayar da shi ma'ajiyar ciyawa da harawa.